Karkacewar baki bayan cizon kaska: yadda aka karanta gwajin garkuwar wata yarinya a Bavariya

An gina wannan lamari ne a kan irin abin da likitocin yara ke gani duk shekara a kudancin Jamus, daga watan Yuni zuwa Oktoba, lokacin da kaska ke cika ciyawa da bakin daji. Ba a sa wa yarinyar suna ba, ba a ambaci asibiti ba, alƙaluman gwajinta kuma irin waɗanda aka saba samu ne a wannan ciwo, wato cutar Lyme da kaska ke yaɗawa, idan ta kama jijiyar fuska. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, sau huɗu takardar gwaji ta fito a kanta, kuma uku daga ciki da an bi su yadda suka zo a rubuce, da an cuci yarinyar.

Yadda ciwon ya fara

Yarinya ce 'yar shekara bakwai, haifaffiyar Kano. Shekara biyu ke nan da mahaifinta ya kawo iyalinsa wani ƙaramin gari a jihar Bavariya, inda yake karatun digiri na uku. A tsakiyar Yuli ta yi kwana uku da zazzaɓi mara ƙarfi, ciwon kai da kasala. Aka ba ta farasitamol, zazzaɓin ya sauka, amma kan bai sake ta gaba ɗaya ba, uwar kuma ta lura yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma kwanciya da rana. Bayan kamar kwana goma, da safe wajen wanke baki, sai ruwa ya riƙa zubowa ta gefen dama na bakinta. In ta yi dariya bakin ya ja hagu. Idon dama ba ya rufuwa duka.

Likitan yara da suka fara gani ya ce ta ɗaga gira. Gefen hagu na goshin ya tattare, na dama ya tsaya a shafe. Wannan ɗan gwaji na daƙiƙa biyu yana da nauyi. Idan matsalar a cikin ƙwaƙwalwa take, kamar shanyewar ɓarin jiki, goshi yakan tsira domin saƙo yana zuwa masa daga ɓangarori biyu. Idan kuwa jijiyar fuskar ce da kanta ta kumbura a kan hanyarta ta bayan kunne, to goshi da ido da baki duk tare suke tafiya. Nata na biyun ne. Hannu da ƙafa lafiya, tafiya lafiya, wuya bai sanƙare ba sai ɗan ciwo in ta sunkuyar da kai.

Ya tambaya ko kaska ta cije ta. Iyayen suka ce a'a, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya taso a ƙasar Hausa in aka ce masa kaska, abin da ke faɗo masa a rai ita ce ƙatuwar nan da ke maƙale a hantsar saniya ko kunnen kare. Wadda ta fi yaɗa cuta a Turai, Ixodes ricinus, a matakin ƙuruciyarta ba ta wuce milimita ɗaya da rabi ba, cizonta ba ya zafi, in ta ƙoshi ta saki da kanta. A jikin yara ta fi kama kai, wuya da bayan kunne, saboda tsayinsu ya yi daidai da inda take jira a kan ciyawa. Yarinya mai kitso, ba wanda zai gan ta a can. Sai daga baya uwar ta tuna cewa a ƙarshen Yuni makaranta ta fita da su yawon daji.

Alamar da aka fi dogara da ita a cutar Lyme ita ce jan tabo mai faɗaɗa a inda aka yi cizon. In likita ya gan shi, ba ya buƙatar gwajin jini, magani kawai zai ba da. Amma yawancin hotunan da ake koyar da ɗalibai da su na farar fata ne. A baƙar fata tabon yakan fito da duhu kamar ƙujewa ko makero, wani lokaci ma ba a lura da shi. Bincike a Amurka ya nuna baƙaƙen fata sun fi fararen zuwa asibiti bayan cutar ta riga ta bazu zuwa jijiya ko gaɓoɓi. A jikin wannan yarinya ba a ga komai ba, ko da yake yara da dama masu irin wannan ciwo, kowane irin launi gare su, ba sa tuna cizo ba sa tuna tabo.

Takarda ta farko: babu

A ranar aka ɗebi jininta, kwana biyu da karkacewar bakin. Gwajin Lyme na jini hawa biyu ne. Da farko a yi na tacewa, wanda ake kira ELISA. In ya nuna akwai, ko ya tsaya a kan iyaka, sai a tabbatar da na biyu, wanda ke nuna ko wane furotin na ƙwayar cutar ne garkuwar jiki ta gane. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta amince da wannan tsari tun 1995, a 2019 kuma ta yarda a yi amfani da ELISA iri biyu a jere maimakon na biyun na da. Sakamakon yarinyar ya dawo: IgM babu, IgG babu, wato sinadaran garkuwa iri biyu da gwajin ke nema.

Uban mutum ne mai ilimi, ya karanta takardar ya samu natsuwa. Da likitan ya bi takardar, da an rubuta shanyewar fuska marar sanannen dalili, a ba da maganin ɗigawa a ido, a ce su dawo bayan mako biyu.

Matsalar tana cikin abin da gwajin yake aunawa. Ba ƙwayar Borrelia, wato bakteriyar da ke haddasa Lyme, yake nema ba. Yana neman antibodi ne, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa domin yaƙar ta, jiki kuwa yana buƙatar lokaci. IgM yakan fara bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, IgG ya biyo baya, wani lokaci sai mako na shida. Yara kuma su ne ake kawowa da wuri, domin ba uwar da za ta ga bakin 'yarta ya karkace ta jira mako guda. Saboda haka yaro mai cutar Lyme a jijiya yana iya zuwa asibiti jininsa bai nuna komai ba tukuna. In ciwon ya kai mako shida zuwa takwas kuma har lokacin babu IgG, a nan ne "babu" take da ƙarfin kore cutar. A kwana na biyu ba ta da wannan ƙarfi.

Likitan ya duba watan da ake ciki, ya duba garin da suke zaune, ya duba ciwon kai da kasalar da suka riga karkacewar, ya tura su asibiti a ɗebi ruwan baya, wato ruwan laka da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. A yankunan Turai da wannan kaska ke da yawa, Borrelia tana cikin manyan dalilan shanyewar fuskar yara a lokacin zafi, kuma an daɗe da sanin alaƙar. Tun 1922 wasu likitoci biyu, Garin da Bujadoux, suka bayyana ciwon jijiya bayan cizon kaska a Faransa, Alfred Bannwarth ya ƙara fayyace shi a Munich a 1941, shekaru da dama kafin a lura da kumburin gwiwa a yaran garin Lyme na jihar Connecticut ta Amurka a 1975, kafin kuma Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar a 1982. Nau'in da ya fi kama jijiya a Turai, Borrelia garinii, sunan Garin ɗin nan ya ci. Babba yakan zo da matsanancin ciwon saiwar jijiya da ke hana barci. Yaro kuwa yawanci karkacewar fuska ce, ko kumburin rigar ƙwaƙwalwa mai tafiya a hankali, wanda ba ya kama da sanƙarau ɗin da muka sani mai kayar da yaro cikin yini ɗaya.

Ruwan baya

A nan aka samu tsaiko na kwana biyu. Da labari ya kai Kano, kakar yarinyar ta kira ɗanta ta ce, "Ɗan nan, komai za su yi su yi, amma kada ka bari su taɓa mata baya." Ban ga laifinta ba. Mutanen da suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun ga yaran da aka ɗebi ruwan bayansu suka rasu ko suka nakasa, aka ɗora wa allurar abin da cutar ta yi. Uban ya ce, "To Hajiya, bari in sake jin bayanin likita." Wata likita ta zauna da su ta nuna musu a zane cewa laka tana ƙarewa a sama da inda allurar ke shiga, kuma abin da za a ɗiba jiki zai mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Suka yarda. Aka yi a kwana na biyar da karkacewar, bayan an shafa maganin kashe zafi an kuma ba ta na kwantar da jiki, aka ɗebi sabon jini a lokaci guda.

Ruwan ya fito garau. Fararen ƙwayoyin jini 140 a kowace maikrolita, alhali na mai lafiya ba sa wuce biyar. Fiye da kashi 90 cikin 100 limfosait ne (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) da danginsu, har da 'yan ƙwayoyin filasma masu ƙera antibodi. Furotin ya ɗan hau, sukari daidai. Wannan hoto ba na sanƙarau na bakteriya ba ne, inda ruwa ke gurɓacewa sukari ya faɗi. Ya rage tsakanin Borrelia da bairos. A daren aka fara ba ta ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, ta jijiya, sau ɗaya a rana, ba tare da jiran sauran sakamako ba. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci da aka yanke a kanta, kuma an yanke ta ne takardar jini tana cewa babu.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta fitar a 2010 ta ce sai abu uku sun haɗu kafin a ce tabbas Lyme ce a jijiya: alamun da suka dace, ƙaruwar fararen ƙwayoyi a ruwan laka, da shaidar cewa a cikin ruwan lakar ake ƙera antibodi na Borrelia. In biyu ne kawai, sai a ce mai yiwuwa ne, kuma a yi magani. Yarinyar ta cika biyu tun daren farko.

Na ukun shi ne wanda iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya, suka fi kasa ganewa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Tsakanin jini da ruwan laka akwai shinge, amma ba ya tare komai ɗungurungum. Ko a mai lafiya wani ɗan kaso na furotin ɗin jini yana tsallakawa. Albumin, alal misali, yakan kai wajen kashi ɗaya cikin 200 na abin da ke jini. In akwai kumburi, abin da ke tsallakawa ya ƙaru. Ke nan ganin antibodi na Borrelia a ruwan laka shi kaɗai bai isa hujja ba, domin yana iya zama daga jini ya malalo, daga wani tsohon cizo da ya warke tuntuni. In ka tarar da gero jibge a kasuwar ƙauye, ba za ka san ko noman garin ne ko kawo shi aka yi ba, sai ka san buhu nawa suka shigo ta hanya. In abin da ke kasuwa ya fi abin da ya shigo, to ragowar a nan aka noma.

Lissafin haka yake. A auna antibodi na Borrelia a ruwan laka da a jini, a raba na farko da na biyu. A auna dukkan IgG ko IgM, ba tare da duba na wace cuta ba ne, a ruwan laka da a jini, a raba su haka nan. Sai a raba sakamakon farko da na biyu. In amsar tana kusa da 1, duk abin da ke ruwan lakar daga jini ya zo. In ta kai 1.5 ko ta wuce, ana ƙera shi a ciki. Wani masani, Hansotto Reiber na Göttingen a Jamus, ya ƙara gyara a lissafin, wanda ke amfani da albumin wajen ƙiyasta iyakar abin da zai iya tsallakowa, domin kada yawan ƙerar da ake yi a ciki ya ɓoye kansa. Dole ne jinin da ruwan su zama na rana ɗaya, a kuma auna su tare. Jinin da aka ɗiba kwana uku baya ba zai yi ba. In allura ta taɓa jijiyar jini ruwan ya gauraya, lissafin ya raunana.

Bayan kwana huɗu sakamakon ya zo. A jinin na biyu IgM ya taɓa iyaka, IgG har yanzu a ƙasa. A lissafin nan na ruwan laka kuwa, ma'aunin IgG 1.2, ma'aunin IgM 4.2. Sharaɗi na uku ya cika. Abin lura a nan shi ne ruwan laka ya riga jini nunawa, kuma hakan yana faruwa a yara. Akwai wuraren da tsarin aikinsu shi ne ba a taɓa ruwan laka sai jini ya nuna akwai. Wannan tsari yana rage kashe kuɗi, amma irin wannan yarinya ce yake zubarwa.

An kuma auna CXCL13, wani sinadari da ke kiran ƙwayoyin da ke ƙera antibodi zuwa inda cuta take. Tunda shi ne mai kira, yana riga antibodi hawa, yana kuma sauka da sauri bayan an fara magani. Nata ya hau ƙwarai. Yana da amfani musamman a kwanakin farko, lokacin da ma'aunin antibodi ke iya kuskure wajen mutum ɗaya cikin biyar. Sai dai ba Borrelia kaɗai ke ɗaga shi ba; tunjere a ƙwaƙwalwa, tarin fuka na rigar ƙwaƙwalwa da wani nau'in sankara duk suna yi, kuma har yanzu ba a daidaita a kan lamba ɗaya da za a ce daga nan cuta ta fara ba. PCR, mai neman ƙwayar da kanta, bai ga komai ba. Ba abin mamaki ba ne, ƙwayoyin da ke yawo a ruwan ba su da yawa, yana kama su ne a kashi 10 zuwa 30 cikin 100 kawai.

Takardar da ta tayar da hankali

Tare da wancan sakamako wani ya zo: IgG na FSME akwai, IgM babu. FSME shi ne sunan da Jamusawa ke kiran kumburin ƙwaƙwalwa da bairos ɗin kaska ke haddasawa. Kaskar ɗaya ce ke ɗauke da cututtukan biyu, kuma Bavariya da Baden-Württemberg su ne cibiyar wannan cuta a Jamus, inda a 2020 aka samu wajen mutum 700 a faɗin ƙasar. Bairos ɗin yana cikin yawun kaska, yana shiga jiki da zarar ta ciza, ba kamar Borrelia ba da ke buƙatar sa'o'i masu yawa kafin ta taso daga cikin kaskar. Ba shi da magani sai jinya. Yakan zo zubi biyu: zazzaɓi na 'yan kwanaki, sai sauƙi na kamar mako guda, sai ciwon ƙwaƙwalwa. Labarin yarinyar ya yi kama da haka, kuma ba a taɓa yi mata rigakafinsa ba. Uban ya shiga intanet ya karanta abin da cutar ke iya bari a baya, daren nan bai runtsa ba.

Amma tsarin sakamakon bai dace da sabon kamuwa ba. Lokacin da FSME ta kai zubi na biyu bairos ya riga ya bar jini, kuma kusan kowane majinyaci yana da IgM da IgG duka biyu a jininsa. A wannan cuta jini ne ke riga ruwan laka nunawa, akasin abin da aka gani da Borrelia. IgG shi kaɗai yana nufin ɗaya daga uku: tsohon kamuwa, rigakafi, ko kuma gwajin ya ga wani ɗan'uwan bairos ɗin ya ɗauka shi ne.

Bairos ɗin FSME dangi ɗaya suke da na shawara, dengi, Zika da na Yammacin Nilu. Furotin ɗin da ke lulluɓe da su yana kama da juna sosai, har ELISA ba ya iya raba su da kyau, musamman a IgG. Likitar ta tambayi katin rigakafin yarinyar na gida. Uwar ta kawo shi washegari. A Najeriya ana yi wa yara allurar shawara a wata tara, an yi mata, an kuma sake yi mata kafin tafiya lokacin da aka karɓo katin nan mai ruwan ɗorawa. Bayan haka shekara biyar ta yi a ƙasar da dengi da bairos ɗin Yammacin Nilu ke yawo. Kowanne daga ciki ya isa ya ba da wannan sakamako.

Aka aika jinin ɗakin gwaji na musamman domin a yi gwajin da ke haɗa jinin da bairos mai rai a ga ko zai hana shi kama ƙwayoyin halitta. Shi ne ke rabe dangin da juna, amma yana ɗaukar lokaci kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Jininta bai hana ba. Da aka sake auna IgG ɗin bayan mako biyu, yana nan inda yake, IgM kuma bai fito ba. Ba FSME ba ce, kuma abin da ke jininta ba zai kare ta daga FSME ba. Wannan na biyun yana da haɗari in aka manta da shi, domin wani likita nan gaba zai iya ganin "IgG akwai" ya ce ba ta buƙatar rigakafi.

Ina ganin tambayar katin rigakafi ya kamata ta zo kafin a ɗebi jini, ba bayan takarda ta rikita mutane ba. Ɗakin gwaji ba ya ganin yaro, kwalba yake gani da lamba. In ba a rubuta masa cewa an yi wa yaron allurar shawara ko ya zauna a Afirka ta Yamma ba, zai fassara sakamakon kamar na yaron da bai taɓa barin ƙauyensu na Bavariya ba.

Magani da abin da ya biyo baya

Ta yi kwana 14 tana karɓar ceftriaxone, kwana biyar a kwance a asibiti, sauran tana zuwa daga gida. Da ta kai shekara takwas, da ƙwayar doxycycline aka ba ta ta sha a gida, domin a Turai an nuna tana aiki daidai da allura a farkon wannan ciwo. An daɗe ana guje mata a ƙananan yara saboda tsoron ɓata haƙori. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sassauta a 2018, ta ce shan da bai wuce kwana 21 ba ya halatta a kowace shekara, amma likitoci da yawa a Jamus suna nan a kan tsohuwar iyaka. Idon da ba ya rufuwa aka riƙa ɗiga masa ruwa da rana, da dare a shafa mai a rufe shi, kada ya bushe ya yi gyambo. Ciwon kai ya tafi a kwana na huɗu. Goshi ya fara motsi a mako na uku, zuwa mako na bakwai sai ta yi dariya sosai ake ganin ɗan bambanci, daga baya shi ma ya ɓace. Yawancin yara haka suke warkewa, kaɗan ne ke saura da ɗan rauni a fuska.

Ana cikin haka uwar ta nemi a gwada ƙanen yarinyar, tunda sun cire masa kaska a hammata a makon, ko da yake lafiyarsa ƙalau. Likita ya ƙi, kuma ya yi daidai. Binciken lafiyar yara na ƙasa da Cibiyar Robert Koch ta gudanar daga 2003 zuwa 2006 ya samu wajen kashi 4 cikin 100 na yaran Jamus da antibodi na Borrelia a jininsu, a 'yan shekara 14 zuwa 17 kuma wajen kashi 7, yawancinsu ba su taɓa sanin sun kamu ba. IgM kuwa yana yawan yin ƙarya. Bairos ɗin Epstein-Barr da ke sa kumburin kaluluwa ya isa ya tayar da shi. Gwada yaro mai lafiya ba abin da zai haifar sai ba da maganin da ba a buƙata. Aka ce su sa ido a wurin cizon na mako shida, in tabo ya fito ko zazzaɓi su dawo.

Bayan wata shida uban ya biya da kuɗinsa aka sake gwada jinin yarinyar, yana so ya ga takarda ta ce ta warke. Wannan karon IgG na Borrelia ya fito da ƙarfi, fiye da duk wanda aka taɓa gani a baya. Ya koma wurin likita hankali a tashe, da bayanan da ya kwaso daga shafukan da ke tallata gwajin limfosait da ake kira LTT da shan maganin kashe bakteriya na watanni. Yarinyar kuwa tana zuwa makaranta, tana cin abinci, fuskarta daidai. Jiki yana ci gaba da ƙera antibodi bayan ƙwayar ta mutu, IgG yana iya zama shekaru da dama, wani lokaci har IgM, ma'aunin ruwan laka shi ma haka. Shi ya sa ba a auna warkewa da su. In alamu suka dawo, abin da za a duba shi ne ko fararen ƙwayoyi sun sake hawa a ruwan laka. Ƙa'idojin likitocin Jamus ba su yarda da LTT ba, domin yana nuna akwai ga masu lafiya da yawa, tsawaita magani kuma bai nuna amfani ba a gwaje-gwajen da aka yi, sai illa ga hanji da matsarmama. Ba a ƙara mata komai ba.

Wannan IgG zai bi ta gida in suka koma. Duk likitan da ya gan ta a Kano nan gaba da ciwon kai, ya kamata ya san tarihin, kada ya ɗauki tsohon sakamako a matsayin sabuwar cuta. Akasin haka ma yana faruwa. Ixodes ricinus ba ta rayuwa a yankin Sahel, kuma ba a tabbatar da Lyme a matsayin cutar gida a Afirka kudu da Sahara ba. Abin da ke akwai a Senegal, Mali da Muritaniya shi ne Borrelia crocidurae, wadda wata kaska mai laushi da ke zaune a ramukan ɓeraye ke yaɗawa. Tana sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wani lokaci ta taɓa rigar ƙwaƙwalwa, kuma antibodi nata yana iya kunna gwajin Lyme. Ita ana neman ta ne a ɗigon jini ƙarƙashin madubin likita lokacin da zazzaɓi ya tashi, ko da PCR. Yaron da bai taɓa barin yankin ba, ya zo da zazzaɓi da alamun ƙwaƙwalwa, maleriya da sanƙarau da tarin fuka ake fara nema, ko da wani gwajin Lyme da aka shigo da shi ya nuna layi biyu.

A watan Fabrairu, kafin kaska ta farka, aka fara yi wa yarinyar da ƙanenta da iyayensu allurar FSME, wadda Ostiriya ta fara amfani da ita tun 1976. Allura uku ce: ta biyu bayan wata ɗaya zuwa uku, ta ukun bayan wata biyar zuwa goma sha biyu gwargwadon wadda aka yi amfani da ita. Lyme ba ta cikin abin da allurar ke karewa, kuma warkewa daga gare ta ba ya hana sake kamuwa, don haka uwar ta mayar da duba bayan kunne, wuya da tsagar kitso aikin kowace yamma in yaran sun shiga ciyawa. A fayil ɗin yarinyar likita ya rubuta layi biyu domin wanda zai gan ta bayansa: IgG na FSME da aka samu kafin rigakafi daga dangin bairos ɗin ne, IgG na Borrelia kuma na cutar da aka riga aka yi wa magani ne a watan Yuli da Agusta.